Buluberi da ƙwaƙwalwa: a ci, amma kada a jingina da shi

Da wuya ka ga jerin abincin da ake cewa yana gyara ƙwaƙwalwa ba ka tarar da buluberi a ciki ba, kuma galibi shi ne a sahun gaba, kifi da ganyaye na biye da shi. Ana cewa yana ƙara kaifin tunani, yana rage mantuwa, har ma yana kare mutum daga gigin tsufa. Ni ra'ayina a kansa ba mai tsawo ba ne. Ɗan itace ne mai kyau, kuma binciken da aka yi a kansa ba tatsuniya ba ne. Sai dai sunan da ya yi ya yi wa hujjar da ke ƙasa fintinkau, kuma wannan ratar ba tsautsayi ya kawo ta ba, akwai masu cin moriyarta.

Ga wanda bai taɓa riƙe shi a hannu ba, buluberi ɗan ƙanƙani ne, bai wuce kan ƙaramin yatsa ba, shuɗi mai duhu da wani farin toka-toka a bayansa da ke gogewa in ka murza. In ka tsaga irin wanda ake nomawa a gonaki, cikinsa fari ne mai ɗan kore. Launin duk a fatar yake, kuma a nan ne sinadarin da ake ta magana a kansa yake, wato antosiyanin. Shi ya sa na jeji, wanda ke fitowa a jihar Maine ta Amurka da gabashin Kanada, ya fi yawan sinadarin: ya fi ƙanƙanta, don haka fatarsa ta fi yawa a kowane cokali. Asalinsa Arewacin Amurka ne, kuma noma shi bai daɗe ba. Wata mata, Elizabeth White, da masanin tsirrai Frederick Coville ne suka horar da shi a New Jersey, suka fitar da amfanin farko kasuwa a 1916. Yau Peru ce kan gaba wajen fitar da ɗanyensa zuwa ƙasashen waje. Giram 100 nasa kusan duk ruwa ne, sai suga kimanin giram 10, da ɗan bitamin C da K. Ba laifi, amma ba wani abin da zai sa a yi guɗa.

To ina aka samo zancen ƙwaƙwalwa? Daga ɓeraye. A 1999 James Joseph da abokan aikinsa a cibiyar binciken abinci da tsufa da ke Jami'ar Tufts a Boston suka ɗauko ɓeraye 'yan wata 19, wanda a rayuwar ɓera tsufa ne sosai. Suka raba su, wasu aka zuba musu buluberi a abinci, wasu sitiroberi, wasu alayyafo, wasu kuma ba a ƙara musu komai ba. Bayan mako 8 aka gwada su. Ana ɗora ɓera a kan siririn sanda a ga daɗewar da zai yi bai faɗo ba, ko a kan sanda mai juyawa da ke ƙara gudu. Ana kuma jefa shi cikin kwatarnin ruwa da aka ɓoye wani ɗan dandamali a ƙarƙashinsa, a ga ko zai tuna inda ya same shi ɗazu. Tsofaffin ɓerayen da suka ci buluberi sun fi daɗewa a kan sanda, sun kuma fi waɗanda ba a ba komai ba tuna hanya. Aiki ne mai kyau, kuma shi ya buɗe ƙofa. Amma ɓeran da ke keji, wanda aka auna masa duk abin da zai ci tun daga haihuwa, ba ya shan taba, ba ya kwana da tunanin bashi, ba shi ne dattijo ɗan shekara 70 ba. Magungunan cutar Alzheimer, wato cutar mantuwar da ke lalata ƙwaƙwalwa, nawa ne suka yi abin mamaki a jikin ɓera, da aka zo kan mutane suka watse?

A daidai wannan lokacin ne kuma aka shiga yayin antiokzidan, sinadaran da aka ce suna hana ƙwayoyin jiki lalacewa. Ma'aikatar noma ta Amurka tana da wani ma'auni da ake kira ORAC, wanda ke auna ƙarfin wannan aiki a cikin kwalbar gwaji, kuma buluberi ya fito a sama-sama. Manoma suka rungumi sakamakon hannu biyu, ya zama jigon tallarsu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a 2012 ita ma'aikatar da kanta ta sauke wannan jadawali daga shafinta. Dalilinta: alƙaluman ba sa nuna abin da ke faruwa a jikin mutum, kuma kamfanonin abinci da na ƙwayoyin ƙarin lafiya suna amfani da su wajen ruɗin masu saye. Jikin mutum ba kwalba ba ne. Antosiyanin ɗin da aka haɗiya kaɗan ne ke shiga jini a yadda yake. Mafi yawansa hanji da ƙwayoyin halittar da ke cikinsa da hanta ne ke farfasa shi zuwa wasu ƙananan sinadarai. Shekara fiye da 10 ke nan da janye wancan jadawali, amma har gobe da shi ake tallar.

Hujjar da aka fi kawowa a kan mutane ita ce ta ma'aikatan jinya mata na Amurka. A 2012 Elizabeth Devore da abokan aikinta a Harvard suka fitar da sakamakon bin mata 16,010 masu shekara 70 zuwa sama. An daɗe ana tambayarsu abin da suke ci duk bayan shekara 4, sannan aka riƙa gwada tunaninsu ta wayar tarho. Waɗanda suka fi cin buluberi da sitiroberi, raguwar ƙwaƙwalwarsu ta fi tafiya a hankali, kamar an jinkirta musu tsufanta da abin da ya kai shekara biyu da rabi. Wannan adadi ya zaga duniya.

Sai dai a tsaya a tambaya: wace ce matar da ke cin buluberi duk mako a Amurka a wancan zamani? Masu binciken da kansu sun lura cewa irin waɗannan matan sun fi motsa jiki, kuma gidajensu sun fi samu. Sun yi lissafi don cire tasirin waɗannan abubuwa, kuma na yarda sun yi iya ƙoƙarinsu. Amma lissafi ba ya iya tsince komai. Macen da ke da halin sayen ɗan itace mai tsada, mai kula da abin da take ci, ita ce dai mai zuwa ganin likita a kan kari, mai shan maganin hawan jininta ba fashi, mai zama a unguwar da za ta iya fita ta taka da yamma. Ko buluberin ne ya tsare mata ƙwaƙwalwa, ko kuwa shi alama ce kawai ta irin rayuwar da take yi? Irin wannan bincike ba zai iya raba gardamar ba, komai yawan mutanen da ke cikinsa.

Abin da ke raba gardama shi ne gwajin da ake jefa ƙuri'a, a ba wasu na gaske a ba wasu na bogi mai kama da shi a launi da ɗanɗano, ba wanda ya san nasa. An yi irinsu a kan buluberi, kuma a nan ne ya kamata mai karatu ya riƙa duba adadi kafin kanun labari. Gwajin Robert Krikorian na Jami'ar Cincinnati na 2010, wanda har yanzu ake ambato, mutum 9 ne suka sha ruwan buluberin jeji na mako 12. Mutum tara. Na baya-bayan nan sun fi shi tsari. A 2023 masu bincike daga King's College da ke Landan da Jami'ar Reading sun ba mutum 61 masu shekara 65 zuwa 80 garin busasshen buluberi giram 26 kullum, ko garin bogi, na mako 12. Waɗanda suka sha na gaske sun ɗan fi tuna kalmomin da aka karanta musu nan take, sun ɗan fi daidaito a wani gwajin sauya hankali daga wannan aiki zuwa wancan. A wasu ma'aunan kuwa ba a ga bambanci ba, har da yawan jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa.

Yana da kyau a san yadda irin wannan gwaji yake. Ana zaunar da mutum, a karanta masa jerin kalmomi 15 da ba su da alaƙa da juna, a ce ya maimaita abin da ya riƙe. A sake, a sake. In wannan rukuni ya ɗara wancan da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, lissafi na iya cewa bambancin na gaske ne. To amma tsakanin riƙe ƙarin kalma guda a ɗakin gwaji da hana uwa mance sunan 'yarta, akwai tafiya mai nisa. Kuma in ka yi wa mutane gwaji kala goma sha, da wuya a rasa ɗaya ko biyu da za su fito da kyau ko da sa'a ce kawai. Waɗannan ɗaya ko biyun su ne ke zama labari.

Duk da haka ba na cikin masu cewa babu komai a ciki. Akwai wani zare da ke ta maimaituwa a gwaje-gwajen, kuma shi na fi ɗauka da muhimmanci: jijiyoyin jini. A wancan gwaji na 2023, jijiyoyin waɗanda suka sha garin sun fi buɗewa, kuma lambar sama ta awon hawan jininsu ta sauka da maki kimanin 3.6. A 2019 Jami'ar East Anglia ta bi mutum sama da 100 masu ƙiba da alamun shiga ciwon suga na wata 6, ta ga jijiyoyin masu cin daidai da giram 150 kullum sun ƙara laushi. Masu cin rabin haka, giram 75, ba su ga wannan amfani ba. Wannan ya yi ma'ana. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na ƙarfinsa, kuma duk ta hanyar ƙananan jijiyoyi take samu. Lalacewar waɗannan jijiyoyi ita ce sanadi na biyu mafi yawa na cutar mantuwa bayan Alzheimer. Duk abin da ya kyautata wa jijiya ya kyautata wa ƙwaƙwalwa.

Amma a lura da abu biyu. Na farko, ma'aunin: kofi guda cike, kullum, wata da watanni. Ba 'yan ƙwayoyi biyar da aka yaryaɗa a kan kek ba. Na biyu, in dai ta jijiya amfanin yake bi, to buluberi ya sauka daga karagar da aka ɗora shi. Ya shiga layi ɗaya da rage gishiri, da tafiyar ƙafa, da barin taba, da ƙwayar maganin hawan jini, kuma a wannan layi ba shi ne babba ba.

Labarin tsarin abinci na MIND ya isa ya sa mutum ya yi taka-tsantsan. Martha Clare Morris ta Jami'ar Rush da ke Chicago ce ta tsara shi musamman don ƙwaƙwalwa: ganyaye kullum, wake, kifi, man zaitun, da dangin buluberi aƙalla sau biyu a mako. A 2015 binciken bin diddigi ya nuna waɗanda cimarsu ta fi kama da wannan tsari haɗarin Alzheimer ya ragu musu da kashi 53. Aka yi ta murna. Sai aka yi abin da ya dace, aka gwada da ƙuri'a: mutum 604 masu shekara 65 zuwa sama, masu ƙiba, waɗanda ke da mai cutar mantuwa a danginsu, na shekara 3. Rabi suka bi MIND, har ana ba su buluberin, rabi suka ci abincinsu na kullum, duka ɓangarorin aka ce su ɗan rage yawan ci. Sakamakon ya fito a 2023. Duka sun ɗan inganta, kuma babu wani bambanci na a zo a gani tsakaninsu, ko a gwajin tunani ko a hoton ƙwaƙwalwa. Masu kare tsarin sun ce shekara 3 ta yi kaɗan, kuma su ma 'yan ɗaya ɓangaren sun gyara cimarsu da suka ga ana sa musu ido. Maganarsu abar dubawa ce. Amma kashi 53 ya yi yawo a duniya, sakamakon 2023 kuwa ko ƙofar gida bai fita ba.

Sai batun da ba a so a taɓo: wa ke biyan kuɗin binciken? Yawancin gwaje-gwajen buluberi ƙungiyoyin manomansa ne ke ɗaukar nauyinsu, ko su ba da kuɗi ko su ba da garin. A Amurka akwai majalisar masu noman buluberi da ke karɓar wani kaso daga manoma da masu shigo da shi, ta zuba a talla da bincike, kuma ita ta tallafa wa gwajin East Anglia. Masu na jeji ma suna da tasu ƙungiyar. Ba ina cewa masanan sun yi ƙarya ba ne. Suna rubuta wanda ya biya a ƙarshen takardunsu, ba a ɓoye ba. Matsalar ta fi ƙarya wayo. Mai kuɗi shi ke zaɓar tambayar da za a yi. Za a tambaya ko buluberi ya fi garin bogi, amma da wuya a tambaya ko ya fi jan kabeji ko baƙin inabi, alhali su ma suna ɗauke da antosiyanin. Marion Nestle, farfesar ilimin abinci mai ritaya ta Jami'ar New York, ta shafe shekaru tana nuna yadda binciken da masana'anta suka biya yake yawan fitowa yadda suke so. Wani ɗan itacen ya yi suna ne domin yana da ƙungiya mai asusu, wani kuma ya zauna a duhu domin ba shi da kowa. Tarayyar Turai ta gane wannan tun 2007, lokacin da dokarta ta hana a liƙa wa abinci kirarin lafiya sai da hujjar da hukuma ta amince da ita.

Inda abin ya fi ba ni haushi shi ne kafso da garin kwalba da ake sayarwa da sunan tataccen buluberi mai ƙara basira. A nan tarihi ya riga ya ja mana kunne. An ga masu cin karas da ganye ba su cika kamuwa da sankarar huhu ba, sai aka tace sinadarin beta-karotin aka ba masu shan taba a Finland. Sakamakon 1994 ya nuna sankarar ta ƙaru musu da kashi 18. Ganyen ginko ma an sha tallarsa a matsayin maganin mantuwa, har aka gwada shi a kan tsofaffi sama da 3,000 a Amurka na kimanin shekara 6. A 2008 aka bayyana cewa bai hana komai ba. Har yanzu yana kan kanta.

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa? Mutum ya ci ɗan itace yana zaton zai taimake shi, in bai yi amfani ba ai bai cutar ba. Gaskiya ne, kuma da a nan abin ya tsaya da ban ɗauki alƙalami ba. Damuwata ita ce hankalin mutum da aljihunsa da ƙarfin niyyarsa duk suna da iyaka. Wanda ya ji ya yi wa ƙwaƙwalwarsa abin kirki da safe, ya fi sauƙin ɗage abin da ya fi wuya zuwa wani watan.

Kuma abubuwan da suka fi wuyar an san su. Kwamitin masana na mujallar Lancet ƙarƙashin Gill Livingston ya fitar da rahoto a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa a duniya na da nasaba da abubuwa 14 da za a iya sauyawa. Akwai ƙarancin karatu tun ƙuruciya, da raunin ji da ba a kula da shi ba, da mugun kitsen jini, da hawan jini, da ciwon suga, da ƙiba, da taba, da yawan giya, da rashin motsa jiki, da ciwon damuwa, da buguwa a kai, da kaɗaici, da gurɓatacciyar iska, da raunin gani. Raunin ji da kitsen jini su ne suka fi nauyi, kashi 7 kowannensu. Ka duba jerin da kyau. Babu ɗan itace ko ɗaya a ciki. Akwai dattijon da ya daina shiga hira domin ba ya jin abin da ake cewa, yana gyaɗa kai yana murmushi don kada a gane, a hankali ya janye daga mutane, iyalinsa kuma suna cewa ai tsufa ne. Na'urar kunne yake buƙata. Akwai tsohuwar da yanar ido ta hana ta fita da karatu, alhali aikin cire ta bai kai awa guda ba.

A kan hawan jini ma akwai gwaji na ƙuri'a mai mutum sama da 9,000 a Amurka, SPRINT, wanda a 2019 ya nuna matsa wa jinin ya sauka sosai ya rage matakin farko na raunin tunani da kashi 19. A Finland kuma Miia Kivipelto ta raba tsofaffi 1,260 gida biyu, ta haɗa wa rabinsu abinci mai kyau da motsa jiki da horon ƙwaƙwalwa da kula da jini na shekara 2, kuma a 2015 aka ga sun fi takwarorinsu. Ba abu guda ba ne ya yi aikin, taron dangi ne. Irin wannan labari ba ya sayar da kaya, shi ya sa ba a ganinsa a allon talla.

Akwai kuma wani rashin adalci a cikin zancen. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da miliyan 55 ne ke fama da cutar mantuwa, ana samun sababbi kusan miliyan 10 duk shekara, kuma fiye da kashi 60 cikinsu suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Buluberi ɗan gata ne: yana son ƙasa mai tsami, da hannu ake tsinkar na ci ɗanye, kuma sai da sanyi yake tafiya daga gona har kanti. A ce wa mafi yawan mutanen duniya lafiyar ƙwaƙwalwarsu na rataye da shi, an sa musu takaici ne a banza. Abin da hukumar ta ba da shawara shi ne giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a rana, ba ta kuma ambaci sunan wani guda ba.

Wanda yake da hali kuma yake son ɗanɗanonsa, ya ci abinsa, ya ci da yawa ma. Daskararre bai gaza ɗanye ba wajen antosiyanin, ya kuma fi daɗewa. Ya ci shi da fatarsa maimakon tataccen ruwan da aka ƙara wa suga. In ya maye gurbin biskit ko alewa da shi, to wannan riba ce da ba ta buƙatar wani farfesa ya tabbatar. Wanda ba shi da hali kuma ya nemi duk abin da ke da ja mai duhu ko shuɗi a kusa da shi, ya haɗa da ganye, bai yi asarar komai ba.

Abin da zai sa in sauya ra'ayi a bayyane yake. A ɗauki dubban mutane, a raba su da ƙuri'a, a bi su shekara 5 ko fiye. A sa rukuni guda da ke cin wani ɗan itacen daban mai araha, domin a ga ko buluberi ya fi shi da wani abu. A ƙirga waɗanda likita ya tabbatar sun kamu da cutar mantuwa, ba yawan kalmomin da aka riƙe ba. Kuɗin kuma ya fito daga asusun da ba ya sayar da buluberi. Shekara sama da 25 bayan ɓerayen Tufts, ba a yi wannan gwajin ba.